Yadda za ka kare garinka daga mahara a Civilization VI

Duk wanda na ɗora a kan gem ɗin nan na kafa daula da yaƙi kuskurensa ɗaya ne, sai ya kafa gari ya hau gine-gine da soja ɗaya tal, can sai ga mahara (barbarians, mayaƙan daji da kwamfuta ke sarrafawa) sun ƙone masa gonaki sun kame magininsa. Wahalar tsaro a wasan da ake yi bi da bi ita ce in abokin gaba ya karɓi nasa zagayen kai hannunka a ɗaure yake, mutum uku su taru su yi ta dukan sojanka ɗaya kana kallo, ba halin janye shi. Shi ya sa tun kafin su iso ake gama shiri.

Da farko ka fitar da mai majajjawa da wuri. In ya kashe ko mutum ɗaya ne binciken Archery, wato fasahar harbin kibiya, zai yi maka sauri, in ka gama shi sai ka biya zinare ya koma maharbi mai harbi daga nisan gida biyu a taswira. Ka riƙa tara zinaren nan, kar ka ɓatar wajen sayen fili.

Yanzu ga inda ni na sha wuya, ɗan leƙen asirin mahara. Za ka gan shi shi kaɗai yana yawo kamar ba komai, to da zarar ya hango garinka alamar motsin rai za ta fito a kansa, sai ya juya da gudu ya nufi sansaninsu, in ya isa kuwa shikenan sai dai ka ga ana ta tururuwa. Ni na taɓa ƙyale shi ina cewa me wannan zai yi, ashe kusa da dawakai sansanin yake, mahaya suka zo min, wallahi sai da na sake wasan daga farko. Kar ka bi bayansa, ya fi sojanka sauri. Ka tare masa hanyar komawa, mai majajjawa ya harbe shi, in ya tsere maka to ka dakatar da duk ginin da kake ka koma yin sojoji nan take.

Sai wajen tsayuwa. Ka ɗora mayaƙinka kan tudu ko cikin daji, in akwai kogi a gabansa ma ya fi, ka danna Fortify, wato umarnin ya kafe ya yi tsaro, zagayen farko ƙarin ƙarfi 3 ne, na biyu ya zama 6. Maharba a bayansa, ɗaya a cikin gari. Wanda ya ji ciwo ka janye shi ya warke, kar ka ce sai ya rama.

Katin Discipline, cikin katunan tsarin mulki, yana ƙara ƙarfi 5 a kan mahara, ka sa shi. Ka binciko Masonry, wato fasahar gini da dutse, ka yi ganuwa, garin da kansa zai fara harbi. In ƙura ta lafa ka tura maharba biyu da mayaƙi ɗaya su rushe sansanin, akwai mai mashi yana gadi, maharba su fara rage masa jini kafin mayaƙin ya shiga.