Kurakuran da aka fi yi wajen ƙiyasta kabon dayoksaid na saman teku daga na'urorin auna tsami

Na'urorin Argo, wato na'urori masu yawo a teku da kansu suna nutsewa suna tasowa, masu ɗauke da ma'aunin tsamin ruwa, waɗanda shirin binciken teku na SOCCOM ya fara zubawa da yawa a Tekun Kudu mai kewaye da Antatika a 2014, ba sa auna kabon dayoksaid kai tsaye. Abin da suke aunawa shi ne pH, wato lambar tsamin ruwa, sai mai bincike ya haɗa shi da alkaliniti (ƙarfin ruwa na kashe tsami) da aka ƙiyasta daga gishirin ruwa da zafinsa da oksijin, ya lissafo matsin kabon dayoksaid a ruwan saman teku. A cikin wannan lissafi ne sababbin shiga suke ta faɗawa ramuka iri ɗaya, har na gaji da gyara su a takardun ɗalibai.

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaukar lambar da na'ura ta turo a matsayin gaskiya. Ma'aunin yana kaucewa, musamman a watannin farko bayan an jefa shi a ruwa. Saboda haka ake daidaita shi da ruwan da ke zurfin kusan mita 1500, inda sinadarai ba sa saurin canzawa, sannan a ɗora wannan gyara a kan sauran karatun har zuwa sama. Wanda ya tsallake matakin bai san nauyin abin ba: kuskuren 0.01 kacal a pH yana haifar da kuskuren kusan maikro-atmosfiya 10 (ma'aunin matsin iska) a ruwan da matsin kabon dayoksaid ɗinsa ya kai 400. A wurare da dama bambancin da ke tsakanin teku da sararin sama bai fi haka da yawa ba, don haka wannan ɗan kuskure ya isa ya mayar da yankin da ke shan iskar ya zama mai fitar da ita a takarda. Na taɓa gina lissafin hunturu guda a kan bayanan da ba a gyara ba, kuma dole aka rushe aikin aka sake shi daga tushe. Tun daga lokacin ba na taɓa lambar saman ruwa sai na fara zana karatun mita 1500 na dukan rayuwar na'urar, na ga inda ya yi tsalle da inda ya zame a hankali.

Har wa yau, gyaran kansa ba shi da tsarki. Lambar da ake daidaitawa da ita ta fito ne daga ma'aunin jiragen ruwa da aka yi da rini mai canza launi gwargwadon tsami, kuma an san pH na rini ba ya dacewa daidai da wanda ake lissafowa daga alkaliniti da jimillar kabon da ya narke. Idan kuma ma'aunin oksijin na na'urar ya karkace, karkacewar za ta bi ta cikin lissafin ta shiga pH. Abin takaici ne a ga mutum ya rubuta sakamako har da lamba biyu bayan ɗigo, alhali nazarin Williams da abokan aikinsa na 2017 ya sa rashin tabbas ɗin a kusan kashi 2.7 cikin ɗari.

Na biyu shi ne wasa da zafi. Matsin kabon dayoksaid yana ƙaruwa da kusan kashi 4.23 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya, amma sai ka ga an zuba pH da aka auna a zafin digiri 25 a CO2SYS, manhajar lissafin kabon na ruwan teku, kamar shi ne na ruwan da ke dab da daskarewa. Wannan sakaci ne, kuma ba shi da uzuri. Al'adata ita ce in rubuta zafi da sikelin pH (domin akwai tsarin ƙirga pH fiye da ɗaya) a sunan kowane layin bayanai kafin in fara komai, domin cakuɗa sikeli daban-daban ma yana jawo irin wannan ɓarna.

Alkaliniti kuwa ana yawan damuwa da shi fiye da kima, domin kuskuren maikromol 6 a kilo bai wuce kusan maikro-atmosfiya 1 ba, sai dai a kula a bakin manyan koguna da wurin narkewar ƙanƙara. A kuma tuna cewa karatun da ake kira na sama ana ɗaukarsa ne a 'yan mitoci ƙasa da fuskar ruwa, sau ɗaya a kwana 10, don haka guguwar da ta zo ta wuce a tsakani ba ta cikinsa. Duk inda hanyar na'ura ta haɗu da ta jirgin da ke cikin SOCAT, taskar ma'aunin kabon dayoksaid na saman teku, a kusan lokaci ɗaya, nakan kwatanta su kafin in amince da ko lamba ɗaya.