Yadda Ake Raba Gida da Fumfuna

Fumfuna ba ta kama bango sai ta sami laima, saboda haka duk wanda ya goge ta bai toshe hanyar ruwan ba, zai sake ganinta ba da jimawa ba. Ƙwayoyinta suna yawo a iska a ko'ina, kuma ba mai iya kawar da su baki ɗaya. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya hana su wurin zama.

Da farko a bi sawun ruwan. A duba ko rufi yana yoyo, ko bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana ɗiga, ko kuma indararo yana zuba a gindin gini. A janye kabad daga jikin bango a leƙa bayansa, domin a can aka fi tarar da baƙin ɗigo-ɗigo, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wari irin na tufafin da aka ninke ba su bushe ba. Sau da yawa hanci yakan riga ido sani.

Akwai kuma laimar da mazauna gida suke haddasawa da kansu, wato tururin girki da na wanka da shanya a cikin ɗaki, wanda yakan zama raɓa da zarar ya taɓa gilashin taga ko bango mai sanyi. Maganinsa shi ne a buɗe taga a lokacin, ko a kunna fanka mai zuƙe iska zuwa waje. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ba da shawarar kada danshin ɗaki ya kai kashi 60 cikin 100, an fi son ya tsaya tsakanin 30 da 50, kuma akwai ƙaramar na'ura mai auna shi. Duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48.

Bayan an tsayar da ruwan ne za a yi wanki. A sa safar hannu da takunkumi, a goge wurin da buroshi da ruwan sabulu, sannan a bar shi ya bushe sarai. Idan za a yi amfani da bilic, kada a kuskura a haɗa shi da sinadarin amoniya, domin hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Kafet da silin ɗin kwali da fumfuna ta ratsa cikinsu ba su wankuwa, gara a haƙura a fitar da su. Shafa fenti a kanta kuwa, a ganina, asarar kuɗi ce kawai, don fentin zai sake ɓarewa.

Lamarin ya shafi lafiya ƙwarai. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji da suka danganta zama a gida mai laima da tari, da shessheƙar numfashi, da tsanantar asma. Don haka mai asma ko mai raunin garkuwar jiki kada ya yi wannan aikin da kansa. Idan wurin ya wuce faɗin murabba'in mita 1, ko kuma ruwan masai ne ya jiƙa shi, a nemi ƙwararru su yi.