Yadda za ka taimaki majinyacinka ya rabu da injin numfashi a asibitin Saudiyya

Lokacin Hajji da Umarar azumi, ciwon huhu da tsananin zafin rana kan kai dattawanmu ɗakin kulawa ta musamman a asibitocin Makka da Madina, a zura musu bututu a maƙogwaro, inji yana hura musu iska. Raba mutum da injin nan aikin likitoci ne, amma Bahaushe mai jinya yana da rawar da ba wanda zai taka masa.

Ka fara da sanin abin da ake jira. Ba a taɓa bututun sai ciwon da ya kwantar da shi ya fara sauƙi, zazzaɓi ya sauka, jini ya daidaita, oksijin ɗin da inji ke ba shi ya sauko zuwa wajen kashi 40 cikin 100. Barinsa a kan inji ba dalili shi ma yana da illa, domin tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu tana mutuwar jiki cikin 'yan kwanaki idan ba ta aiki.

Da safe nas kan rage maganin barci ko ta tsayar, a ga ko zai farka. Nan ne wurinka. Za ta ce ya buɗe ido, ya matse hannu, ya yi tari, amma da Larabci ko Turanci. Tsohon da bai taɓa jin yaren ba sai ya zuba wa rufin ɗaki ido, a ɗauka bai dawo hayyacinsa ba, alhali harshe ne ya raba su. Saboda haka ka roƙi izini ka kasance a wurin a wannan lokaci. In dokar ziyara ta hana, bar musu lambar wayarka, ko ka rubuta wa nas ɗin kalmomin Hausa uku ko huɗu. In an bar ka ka shiga, wanke hannu, tsaya inda zai ga fuskarka, ka ce a hankali: "Baba, ni ne. Kana asibiti a Makka, yau Talata. Matse hannuna." Kada ka yi masa tambayar da sai ya yi magana, bututun ya danne hanyar murya. Ya amsa da ƙifta ido ko gyaɗa kai. Da yawa sallar da ta wuce su ce ke tayar musu da hankali. Ka tuna masa cewa mara lafiya yana yin ta a kwance da nuni.

Daga nan sai gwaji. A ɗaga kan gadon, a rage taimakon inji, a bar shi ya ja numfashi da kansa na minti 30 zuwa awa 2. In numfashin ya haura 35 a minti, ko gumi ya keto masa, ko oksijin ɗin da ke cikin jininsa ya faɗi ƙasa da kashi 90, za a mayar da taimakon, ya huta, a sake gobe. Wannan ba faɗuwa ba ce, kada kuka ya ƙwace maka a gabansa.

In ya ci gwajin, za a zuƙe majina, a sa shi tari, a zare bututun. Muryarsa za ta dishe na ɗan lokaci. Don Allah a nan ka danne zuciya: kada ka ɗura masa ruwan Zamzam ko ka ba shi dabino sai an gwada haɗiyarsa. Maƙogwaron da ya yi kwanaki da bututu yakan kai ruwa cikin huhu, ciwo ya dawo sabo. Jiƙa masa leɓe da auduga ya isa, shi ma sai nas ta yarda.

Wasu akan mayar musu da bututun cikin kwana biyu ko uku. Wanda ya kai mako ɗaya zuwa biyu bai iya rabuwa da inji ba, likita zai nemi sa hannunku a huda ƙasan wuya a sa ɗan gajeren bututu. Kada tsoro ya sa ku ƙi kafin ku ji bayani: yana rage buƙatar maganin barci, yana sauƙaƙa zuƙe majina, kuma hujin kan rufe da kansa bayan an cire.