Yadda za ka goyi bayan sabon kulob ba tare da hawan jini ya kama ka ba

Kafin ka buɗe baki a majalisa, ka fara sanin a wane mataki aka yi wa kulob ɗin rajista. Lig ɗin Najeriya hawa-hawa ne, NLO a ƙasa, sai NNL, sannan NPFL, babban lig mai ƙungiyoyi 20. In a NLO muke, to zancen "bana sai gasar Afirka" da ake ta yi a gidajen kallon ƙwallo na Sabon Gari da Tudun Wada a bar shi a teburin mai shayi don Allah.

Sai ka riƙe waɗannan shekarun a ka. Kano Pillars da muke gani kamar daga sama ta faɗo, a 1990 aka kafa ta, ba ta ɗauki kofin lig ba sai 2008. Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun an kafa ta a 2010, ta hau NPFL ta faɗo, ta sake hawa ta sake faɗowa, sai a 2025 ta ci lig, kuma wannan fa kulob ne da mai shi ke da kuɗi har da filin wasa da makarantar horar da yara. Sporting Lagos kuwa an kafa ta a 2022, ta hau a 2023, kaka ɗaya ta yi ta koma inda ta fito.

To me za ka duba a shekarar farko? Albashi. Ka tambayi yaran in an tashi daga tirenin, ana biyansu kan lokaci ko sai an yi wata uku ana ce musu "ana kan magana", da wace mota suke tafiya wasan waje, ina suke kwana, in yaro ya karye wa ke biyan asibiti. Yaron da ya kwana a bas ya karya da burodi da ruwan leda, ka zo kana zaginsa wai ya zubar da fanareti, haba malam. Ni a wurina kulob ɗin da ya gama kaka bai faɗo ba kuma ba a bin sa bashin albashi ya yi abin a yaba.

Wasan waje in an samo maki ɗaya a yi hamdala, kowa ya san yadda cin wasa a gidan wani yake a ƙasar nan. Koci kuma a bar shi ya gama zagayen farko kafin a fara ihun "ba ma yi".

Jifa da kutsawa fili kam babu ruwanka, ko da alƙalin wasa ya yi abin da ya yi. A 2022 an zabge wa Pillars maki saboda rigimar 'yan kallo, kuma a kakar ta faɗa NNL. Sannan ka sayi tikitinka a get, ka daina neman wanda ka sani ya shigar da kai ta baya, da wannan kuɗin ake zuba mai a motar kulob.