Yadda Makaranta Za Ta Tallata Kanta a Intanet Ba Tare da Zubar da Mutuncinta Ba

Uba ko uwar da ke nema wa ɗanta makaranta a yau takan fara bincike ne a wayarta tun kafin ta taka ƙofar kowace makaranta, kuma abin da ta gani a wannan binciken shi ne yake sa ta ɗaga waya ta kira ko ta wuce zuwa wata. Idan lambar da ta samu ba ta shiga, ko kuma abu na ƙarshe da aka wallafa a shafin makarantar ya shekara biyu, za ta ɗauka cewa haka sauran al'amuran makarantar suke, ko da kuwa malaman ciki gwanaye ne. Saboda haka tambayar farko da hukumar makaranta za ta amsa ita ce da wa take magana. Facebook da Instagram da TikTok duk sun sanya shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, sharaɗin da ya samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998 mai kare bayanan yara a intanet. Ke nan ɗaliban firamare ba su ma kamata a same su a can ba. Masu karanta shafin makaranta iyaye ne da masu riƙon yara, sai tsofaffin ɗalibai da malaman da ke neman aiki, kuma da su za a riƙa auna duk abin da za a rubuta.

Kafin a wallafa ko hoto ɗaya, a tabbatar da cewa makarantar ce ta mallaki shafukanta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce wa wani matashin malami mai sanin kwamfuta ya buɗe shafi, shi kuma ya buɗe da lambar wayarsa da imel ɗinsa. Ranar da ya ajiye aiki, musamman idan ba a rabu da daɗi ba, sai shafin ya tafi da shi tare da mabiyan da aka yi shekaru ana tarawa. Maganin wannan shi ne a buɗe adireshin imel da sunan makaranta, a ware layin waya na ofis, a yi duk rajista da su. A Facebook a buɗe shafin hukuma, kada a yi amfani da asusun mutum ɗaya da aka sanya wa sunan makaranta, domin hakan ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin, kuma ana iya rufe shi. A ba aƙalla mutum biyu cikakken iko, ɗayansu ya kasance shugaban makaranta ko mai ita, sauran kuma a ba su izinin wallafawa kawai. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lambar shaida bayan kalmar sirri, a kowane asusu, sannan duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki a cire shi a ranar. Akwai kuma saƙonnin 'yan damfara masu shigowa da sunan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, suna cewa za a rufe shafi cikin kwana ɗaya idan ba a latsa wani mahaɗi ba. Kada a latsa, kuma kada a ba kowa lambobi shida da WhatsApp ke turowa, ko wane ne ya nema.

Mataki na gaba ba ya cin ko sisi, amma makarantu da yawa sun yi sakaci da shi. Google Business Profile shi ne yake fito da sunan makaranta a taswirar Google tare da adireshi da lokutan aiki da lambar waya da hotuna, kuma shi ne abin da mai neman makaranta a kusa da gidansa yake fara gani. A yi rajista, a bi hanyar tantancewar da Google ya gindaya, a duba cewa alamar taswirar tana kan ƙofar makarantar daidai. Sunan makaranta da adireshinta da lambarta su zama iri ɗaya a ko'ina. Shafin intanet na makaranta kuwa ba sai ya zama mai ɗimbin sassa ba: ya isa a ce yana buɗewa da sauri a ƙaramar waya, yana kuma ɗauke da azuzuwan da ake da su, manhajar karatu, ranakun zango da yadda ake neman gurbi. A ganina ya kamata a bayyana kuɗin makaranta, ko aƙalla iyakarsa ta ƙasa da ta sama, domin ɓoye shi yana cika ofis da kiran mutanen da tun farko ba za su iya biya ba, yana kuma sa masu iyawa su yi zargin akwai wani abu a ƙasa.

Ba dole ba ne makaranta ta shiga kowane dandali. Biyu da ake kula da su sun fi biyar da aka yi watsi da su, kuma hanyar zaɓa ita ce a tambayi iyayen da ake da su inda suka fi zama. Facebook ya dace da sanarwa da rubutu mai ɗan tsawo, Instagram da hotuna da gajerun bidiyoyi, YouTube kuma da dogon bidiyo kamar na bikin yaye ɗalibai. WhatsApp na da nasa matsayi daban, domin galibi da iyayen da suka riga suka shigo ake magana a can. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma kowane mamba yana ganin lambar sauran, kuma idan aka bar shi a buɗe ba ya daɗewa sanarwar makaranta take nutsewa cikin tallace-tallace da gardama. Don haka a saita shi yadda masu kula kaɗai za su iya turo saƙo. Jerin aikawa ga jama'a, wato hanyar tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa kowa ya same shi a keɓe, yana ɗaukar lambobi 256 ne, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar makaranta a wayarsa. Tashoshin WhatsApp da aka fito da su a 2023 suna ɓoye lambobin mabiya daga juna, wanda ya sa suka fi dacewa da sanarwa ta bai ɗaya. Manhajar WhatsApp Business kuma tana ba da damar sanya saƙon maraba, saƙon da ke fita bayan an tashi daga aiki, da shiryayyun amsoshi ga tambayoyin da ake yawan maimaitawa.

Batun hotunan yara shi ne inda ya kamata a fi tsayawa, domin nan ne makaranta ta bambanta da duk wani mai talla. Yaro amana ne a hannunta, kuma hoton da ya fita intanet ba ya dawowa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tabbatar wa yaro haƙƙin kare sirrinsa a sashe na 16, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba bayanan yara kariya ta musamman, ƙasashe da dama kuma sun kafa nasu dokokin, don haka wajibi ne hukumar makaranta ta san abin da dokar ƙasarta ta ce. Ko ma mene ne dokar ta ce, a nemi izinin iyaye a rubuce. Takardar izinin ta rarrabe tsakanin hoton da za a manna a allon sanarwa cikin makaranta, da wanda za a wallafa a shafukan sada zumunta, da wanda za a sa a tallan da aka biya kuɗi, domin uban da ya yarda da na farko ba lallai ne ya yarda da na uku ba. A bayyana cewa ƙin yarda ba zai jawo wa yaro komai ba, kuma ana iya janye izini a kowane lokaci. Mai ɗaukar hoto ya riƙe sunayen yaran da ba a ba da izininsu ba a hannunsa ranar taro, ba sai an wallafa a fara neman gogewa ba. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi, ko da iyayensa sun sa hannu.

Samun izini bai kawar da buƙatar lura ba. Kada a haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da ajinsa a wuri ɗaya, domin waɗannan ukun sun ishi baƙo ya tsaya a bakin ƙofa ya kira shi da suna kamar ya san shi. Hotunan balaguron ɗalibai a wallafa su bayan an dawo. A kashe saitin da ke sanya wurin da aka ɗauki hoto a cikin kyamarar waya. Kafin a saki hoto a faɗaɗa shi a duba bayansa da gefensa: rajistar aji a buɗe a kan tebur, takardar sakamako a jikin bango, katin shaida a wuyan ɗalibi, duk ana iya karanta su idan aka zuƙo. Ba a wallafa yaro yana kuka, ko ana hukunta shi, ko yana canza kayan wasanni. Haka nan marayu da waɗanda aka ɗauke wa kuɗin makaranta bai dace a mayar da su abin talla ba, ko da niyyar ta alheri ce, saboda abokan karatunsu za su gani, kuma su ne za su zauna da abin a aji. Sau da yawa hoton da aka ɗauka daga bayan aji, ko na hannaye suna aiki, ko na littafin da aka rufe sunan mai shi, ya wadatar.

Sai abin da za a wallafa. Shafukan makarantu da yawa cike suke da hotunan manyan baƙi a kan kujeru da saƙonnin taya murna, alhali abin da iyaye ke son gani shi ne yadda darasi yake gudana, tunda gani ya kori ji. A ɗauki misalin darasin kimiyya a aji uku, inda yara suka jera irin shuka a kan jiƙaƙƙiyar auduga cikin kofuna, wasu a bakin taga wasu a cikin kwali mai duhu. Hoton kofunan bayan mako guda, da layi uku da ke bayyana abin da yaran suka yi hasashe da abin da suka tarar, da tambaya ɗaya da uwa za ta iya yi wa ɗanta a gida, ya fi gamsarwa a kan duk wani kirari na cewa makarantar ce ta ɗaya. Bidiyon minti ɗaya na malama tana bayyana yadda take koyar da karatu yana yin irin wannan aikin. A tabbatar murya ta fita sarai, a kuma sa rubutu a ƙasa, domin mutane da yawa suna kallo ne ba tare da sauti ba. Idan za a faɗi sakamakon jarrabawa, a faɗi adadin waɗanda suka zauna tare da na waɗanda suka ci. Kada a yi amfani da hoton ginin da ba na makaranta ba, ko wanda ƙirƙirarriyar basira ta zana, domin ranar ziyara gaskiya za ta fito. Kuskuren rubutu kuwa, wanda ake yafe wa kowa, ba a yafe wa makaranta, saboda haka mutum na biyu ya karanta komai kafin ya fita. Wallafa biyu ko uku a mako sun isa idan ba a yankewa, kuma Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan Facebook da Instagram, tana ba da damar tsara su tun farkon mako su riƙa fita da kansu.

Amsa saƙo rabin aikin ne. A ware mutum guda da lokaci sananne a kowace ranar aiki, domin mai tambayar gurbi galibi ya tura wa makarantu da dama a lokaci ɗaya. Idan wani ya rubuta ƙorafi a fili, a amsa a taƙaice cikin ladabi, a gayyace shi ofis ko a kira shi, kuma kada a tattauna halin wani yaro a bainar jama'a ko da makarantar ce mai gaskiya. Ba a goge ƙorafi don ya yi ɗaci. Abin da ake gogewa shi ne zagi da duk abin da ya fallasa sunan yaro. Idan wani abu mai tayar da hankali ya faru, iyayen da abin ya shafa su fara ji daga bakin hukuma, sannan a fitar da sanarwa ɗaya ta bakin mutum ɗaya. A rubuta wa malamai ƙa'ida cewa ba sa tura wa ɗalibi saƙo a keɓe, ba sa kuma sanya hotunan ɗalibai a shafukansu na kansu.

Tallan da ake biya yana zuwa ne a ƙarshe, bayan duk waɗannan sun daidaita. A taƙaita shi ga yankin da yaro zai iya zuwa daga gida ya koma kullum, sai dai idan makarantar ta kwana ce, a kuma nufi manya da shi. A zaɓi manufar samun saƙo ko kira maimakon tara masu danna alamar so, a sanya iyakar kuɗin da za a kashe a rana, a gwada talla iri biyu na 'yan kwanaki sannan a ci gaba da wanda ya fi kawo tambaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne makonnin da ke gaban ɗaukar sababbin ɗalibai, kuma tallan ya ƙare da gayyata zuwa ranar ziyara. Sayen mabiya ko rubuta yabon ƙarya a Google asarar kuɗi ne, kuma ya saɓa wa ƙa'idojin dandalin. Gara a roƙi iyayen da suka gamsu su rubuta gaskiyar abin da suka gani.

Don a san ko aikin yana biyan buƙata, a ƙara tambaya ɗaya a takardar neman gurbi: ta ina kuka samu labarin makarantar nan? Ofis ya riƙe littafi mai gida uku, na waɗanda suka yi tambaya, na waɗanda suka zo ziyara, da na waɗanda suka yi rajista, tare da hanyar da kowa ya biyo. A ƙarshen zango a raba kuɗin da aka kashe a kan talla da adadin ɗaliban da suka shigo ta wannan hanyar. Idan tambayoyi suna da yawa amma ziyara kaɗan ce, a duba yadda ake amsa saƙo. Idan kuwa ana zuwa ziyara amma ba a yin rajista, to matsalar tana cikin harabar makarantar, kuma can za a mayar da hankali kafin a ƙara kashe kuɗi a zango mai zuwa.