Darasi na 9: Hita Ta Lalace, Wa Zai Biya Kuɗin Gyara?

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba. A garuruwan da wutar KEDCO ta kai, mutane da yawa sun rage hura itace, sun koma dumama ruwan wanka da na alwala da hita. Akwai ƙaramar da ake tsomawa a bokiti, wadda ko a kasuwar Wudil ranar Juma'a za a samu a kan tebur. Wannan garantinta bai wuce a jona maka ita ka ji ta ɗauki zafi ba, kuma in ta ƙone sayen sabuwa ya fi gyara sauƙi. Abu ɗaya dai, kada a kuskura a sa hannu a bokiti alhali tana jone, a zare ta daga soket tukuna.

Darasinmu a kan babbar ne, wadda ake kafawa a bangon banɗaki, mai tanki na lita 15 ko 30 ko 50. Abin da za mu koya a kanta ya shafi fanka da firji da batirin sola.

Garanti alkawari ne da kamfani ya rubuta: idan kayan ya lalace cikin wani wa'adi saboda aibin da ya fito da shi daga masana'anta, za a gyara ko a canza ba tare da an karɓi kuɗi ba. A lura da wannan sharaɗi na aibin masana'anta, domin a nan ake yawan samun saɓani a bakin shago.

A cikin hita akwai ƙarfen da ke dumama ruwa, akwai na'urar da ke yanke wuta idan ruwan ya yi zafin da ake so, sai tankin kansa. Ƙarfen nan an yi shi ne ya zauna cikin ruwa, ruwan ne ke kwashe zafinsa. A ƙauye kuwa ruwan tankin sama, wanda ke ba hita ruwa, kan ƙare ba a sani ba. Sai a kawo wuta da dare, yaro ya danna makunni, hita babu ruwa a ciki. Nan da nan ƙarfen zai ƙone. Injiniyan kamfani yana cire shi zai gane, kuma ba za su biya ba, don laifin na gida ne. Maganin abin mai sauƙi ne: a buɗe famfon ruwan zafi, a ga ruwa yana zuba sosai, sannan a kunna.

Ruwan wasu burtsatse kuma yana barin farin ɓawo, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Yana taruwa a jikin ƙarfen a hankali, ruwa ya riƙa daɗewa bai yi zafi ba, daga baya ƙarfen ya mutu. Galibin katunan garanti ba su ɗauki wannan ba. Haka ɓarnar tsawa, da ta wutar da ta dawo da ƙarfi, da ta wanda ya haɗa waya ba daidai ba.

Mu karanta wannan hira. Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama dattijon da ya zo daga ƙauye, ɗaya mai shago a Sabon Gari.

"Salamu alaikum, Alhaji. Hitar da na saya a nan ta daina dumama ruwa."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Ka zo da rasit?"

"Ga shi, ga kuma katin da ke cikin kwali."

"Ranar 5 ga Nuwamba ka saya, wata biyu ke nan. Wani ya buɗe ta?"

"Babu wanda ya taɓa ta. Ɗan maƙwabcina ya ce zai duba, na hana shi."

"Ka kyauta, Baba. Da ya kwance ta, da kamfani ya zare hannunsa."

"To, kuɗin motar kai ta wurinsu fa?"

"Wata uku bai cika ba, wannan a wuyana yake."

Ba kowane mai shago ne zai faɗi wannan magana ta ƙarshe da bakinsa ba, shi ya sa ya kamata mai saye ya san ta. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar tarayya mai kare masu saye, wato FCCPC, ke aiki da ita, ta ce idan kaya ya fito da aibi cikin wata uku da karɓarsa, mai saye yana iya mayar da shi, ɗawainiyar tana kan mai sayarwa, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da ake bugawa a gindin rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawo da shi, bai soke wannan haƙƙi ba. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Idan mai shago ya turje, a fara da shugabannin kasuwa, sau da yawa maganar a nan take mutuwa. In ta ƙi, Jihar Kano tana da hukumar kare haƙƙin masu saye da ke karɓar ƙorafi.

Amma duk inda aka je, takarda za a fara tambaya. Rasit mai kyau yana ɗauke da sunan shago da lambar waya, da kwanan wata, da sunan hitar da girmanta, da lambar da ke jikinta, da kuɗin da aka biya, da tsawon garanti, da hatimi. "Ai mun saba, Baba, in wani abu ya faru ka dawo" magana ce mai daɗi, sai dai ranar da ka dawo wataƙila yaron shago za ka tarar. Takardar POS kuma shaidar biyan kuɗi ce kawai, ba ta faɗi abin da aka saya ba, rubutunta ma gogewa yake yi. A ɗauki hoton rasit da waya, a ajiye na asali tare da takardun gona.

Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya karanta katin a fili. Wasu kamfanoni suna ba tanki wa'adi mai tsawo, ƙarfe da sauran kayan wuta kuma gajere. Wasu kayan gyara kaɗai suke bayarwa, ladan mai aiki da kuɗin mota na mai hita ne.

Yanzu lissafi. Waɗannan kuɗaɗe misali ne, farashin kasuwa kullum sauyawa yake. A ce sabuwar hita N90,000 ce. Ƙarfe ya ƙone bayan wata takwas. Sabon ƙarfe N12,000, ladan mai gyara N6,000, kuɗin mota zuwa birni da dawowa N5,000. Jimla N23,000. Idan garanti ya ɗauki ƙarfe kaɗai, mai hita zai biya N11,000. A nan gyara ya fi. Amma idan tanki ne ya huje bayan garanti ya ƙare, ni ba na ba da shawarar walda, domin wutar walda tana ƙone shafen da ke kare cikin tankin, tsatsa ta sake cin wurin.

Aikin aji: kowa ya rubuta rasit na wani abin lantarki da ke gidansa, ya sa duk abubuwan da muka ambata. Sannan a lissafa: an sayi hita ranar 5 ga Nuwamba 2024 da garantin wata 12, wace rana zai ƙare? Idan ladan mai gyara ya tashi zuwa N8,500, nawa ne jimlar gyaran ba tare da garanti ba? Wanda yake da katin garanti a gida ya zo da shi mako mai zuwa, mu karanta tare.