Yadda za ka buga hoton bishiyar kuka da tsohon silifas

Jama'a wannan aikin fa ba ya buƙatar inji, ni da tsohon silifas na fara wallahi. Dabarar masu sassaƙa hatimin roba ce kawai: inda ka bari shi ke ɗaukar tawada, inda ka ƙwaƙule shi ke fita fari. Mutanen Sin sun daɗe suna yi da katako, akwai ma littafinsu da aka buga a 868 yana ajiye a Landan, a Ghana kuma ƙwarya suke sassaƙawa su buga wa yadi ado.

Ka samo silifas mai sumul, ko ka goge tafinsa da sanfefa, sai reza sabuwa, biro, takarda, cokali, soso da ɗan gilashi. Tawada kuma ka roƙi kaɗan wajen masu buga katin biki, mai kaurin nan, don ta allo ruwa ce, malalewa take cikin ramukan ta ɓata komai.

Ka fita bayan gari da rani, hanyar Daura ko ta Jibiya, ka sami kuka ka zauna ka zana ta a kan silifas ɗin kana kallonta, ba daga waya ba. Kuka na ce don a lokacin ta zubar da ganye, ga gindi ƙato ga rassa masu kauri, reza na jin daɗinsu. Ni da gawo na fara don son burgewa, shi kuwa da rani ne yake cika da ganye, na yi ta bin ƙananan rassan nan har robar ta gutsuttsure, kwana biyu a banza.

In za ka yanka, ka karkata rezar waje yadda gindin layin zai fi samansa faɗi, kuma yatsanka kar ya zama a gabanta. Sararin sama kar ka share shi tas, ɗan saura-sauran da ka bari su ke fitowa kamar hazon hunturu. Hoton a juye zai fito, reshen dama ya koma hagu.

Sai ka baza tawada siririya a gilashi, ka dangwala da soso ka bi robar, ɗora takarda, murza da bayan cokali, ka ɗaga gefe ɗaya ka leƙa kafin ka cire duka. Na farko ba ya kamawa sosai, daga na uku ake ganin kuka. Ka shanya a ɗaka saboda ƙura, ka wanke robar da kananzir.